Shin Ana Ɗora Addu'a A Kan Sikeli?

 Ga wata magana da Malam Liman ya umurce mu mu kawo muku a wannan takarda tamu.

Gardama ce ta tashi a inuwar masallaci ran Juma'ar da ta wuce waccan, bayan an sallame la'asar, har yau kuwa ba ta kwanta ba. Ta bar masallaci ta shiga gari. Mun ji ta a rumfar masu goro, mun ji ta a tashar lori ta Aboabo, an ce mana har mata sun kai ta gidan suna. Mafarinta kuwa shi ne, wani saurayi ɗan zangon nan, mai koyon aikin jinya, ya ce likitocin Amurka sun gwada addu'a kamar yadda a ke gwada magani, sun tarar ba ta ƙara wa maras lafiya kome ba. Nan take wani dattijo mai cinikin goro ya miƙe, ya ce yaron nan ya fita daga Musulunci, a kirawo ubansa. Wani bawan Allah kuma ya ce duk ku yi shiru, ai shi ya ji likitocin Amurkan nan ne ma suka tabbatar addu'a tana warkarwa, ga shi nan an aiko masa a wayarsa. Aka yi ta cacar baki har aka kira magariba, kowa ya tashi da tasa.

Mu dai kun san mu, ba mu taka makarantar boko ba. Iyakarmu allo, da 'yan littattafan da muka karanta a zaure gaban malamanmu. Wannan ma da ku ke karantawa da ajami muka rubuta shi, yaro ya juya shi zuwa boko. Amma mun ga bai kamata mu yanke hukunci kan abin da ba mu ji da kunnenmu ba. Saboda haka muka kira saurayin nan, muka roƙi wani likita ɗan'uwanmu Musulmi ya zo, suka zauna da mu dare biyu, suna karanta takardun Turawan nan suna fassara mana, muna tambaya suna ba mu amsa. Ga abin da muka samu.

Ashe maganar tsohuwa ce, ta girmi kakanninmu. A shekarar 1871 babban ɗan Sarauniya Biktoriya ta Ingila ya kwanta da zazzabin taifot har aka fid da rai da shi. Aka yi ta yi masa addu'a a majami'un ƙasar, ya tashi, aka yi babban taron godiya a Landan a farkon 1872. Cikin wannan shekara sai wani likitan fiɗa, ta hannun wani masani wai shi Tindal, ya ce to, tun da an ce addu'a ce ta tashe shi, a zo a gwada. A ware ɗaki guda na marasa lafiya a asibiti, masu addu'a su dage a kansa shekara 3 zuwa 5, sa'an nan a ƙirga waɗanda suka mutu a ciki a kwatanta da na sauran ɗakuna. Malaman Kirista suka hasala, aka yi ta rubuce-rubuce, ba a kuwa yi gwajin ba.

Sai wani mai lissafi, Faransis Galton, ya ce shi ba ya bukatar ɗakin asibiti. Ya ce wa ya kai sarakuna shan addu'a? Kowace Lahadi duk ƙasa tana roƙa musu tsawon rai. Ya bi tarihin waɗanda suka haura shekara 30, ya cire waɗanda aka kashe da waɗanda haɗari ya ci, ya raba. Ya tarar 'yan gidan sarauta, in an daidaita, shekara 64 su ke yi, malaman majami'a 69, masu gonaki da dukiya 70. Watau waɗanda aka fi yi wa addu'a su ne suka fi saurin mutuwa. Ya ƙara da wata magana da ta dace da ku fatake: ya ce masu inshorar jiragen ruwa, waɗanda ba su wasa da kuɗinsu, ba su taɓa rage wa jirgin masu wa'azi ko kwabo ba bisa ga na 'yan kasuwa.

Amma wanda saurayinmu ya ke nufi shi ne na shekarar 2006, shi ne kuwa babba. Wani likitan zuciya na Jami'ar Harbad, Habat Benson, shi da abokan aikinsa suka yi shi. Kada ku ɗauka maƙiyan addini ne. Benson ya daɗe yana rubutu cewa imani yana da amfani ga lafiyar jiki, cikin abokan aikin nasa har da limaman Kirista masu kula da marasa lafiya a asibiti, kuɗin aikin kuma, dala miliyan 2 da dubu 400, ya fito ne daga Gidauniyar Templeton, wadda ba ta gāba da addini. Suka ɗauki mutum 1,802 waɗanda za a yi wa aikin jijiyoyin zuciya a asibiti 6, suka kasa su uku da ƙuri'a, kowane kashi wajen mutum 600. Kashi na fari aka ce musu watakila a yi muku addu'a, watakila ba za a yi ba, aka kuwa yi musu. Na biyu aka faɗa musu haka nan, amma ba a yi musu ba. Na uku aka gaya musu ƙarara za a yi muku, aka yi. Masu addu'ar jama'o'in Kirista ne guda 3 a garuruwa masu nisa, ba su san marasa lafiyan ba, ba su taɓa ganinsu ba. Sunan yanka kawai a ke aika musu da harafin farko na sunan gida. Suna farawa daren da za a yi aikin, su yi kwana 14, suna roƙon aiki ya yi kyau, a warke da wuri, kada wata matsala ta biyo baya. Likitoci kuwa suna rubuta duk matsalar da ta taso wa kowa har kwana 30.

Da aka buɗe lissafi, kashin da aka yi wa addu'a ba su sani ba, 52 cikin 100 sun gamu da matsala bayan aiki. Waɗanda ba a yi wa ba, 51 cikin 100. Waɗanda aka yi wa suna sane, 59 cikin 100. Wajen mutuwa kuwa ba a ga wani bambanci tsakanin kashi ukun ba.

To, jama'a, abu na fari da ya wajaba mu faɗa shi ne, yaron nan bai yi ƙarya ba. An yi gwajin, abin da ya fito ke nan, waɗanda suka yi shi kuma sun bayyana shi ko da ya ke ba abin da su ke fata ke nan ba. Wannan kuwa amana ce, mun yaba musu. Da yawa daga cikinmu in awo ya juya mana baya sai mu ce olonkar ce ta lotse.

Sai dai akwai tambaya: mene ne suka auna? A cikin takardar tasu da kansu sun rubuta cewa kusan dukan marasa lafiyan, fiye da 9 cikin kowane 10, a kashi ukun duka, sun ce 'yan'uwansu da abokansu suna yi musu addu'a. Ashe ke nan babu kashin da ba a yi wa addu'a ba. Wa ya isa ya hana uwa roƙa wa ɗanta da za a tsaga wa ƙirji da safe? Wa zai hana shi kansa mai ciwon ya kira Ubangijinsa a zuciya sa'ad da a ke tura shi ɗakin fiɗa? Misalinsa kamar mutum ne ya ajiye buhun gishiri biyu a fili, ruwan sama ya kwana yana dukansu, da safe ya ɗebo moɗa guda ya zuba wa ɗaya, ya ɗora su a sikeli, ya ce bari in ga ko ruwa yana taɓa gishiri. Iyakar abin da ya auna shi ne moɗar nan tasa. Iyakar abin da su ma suka auna shi ne ko addu'ar baƙo, mai karanta suna a takarda bisa tsarin da likita ya shata masa, tana ƙara wani abu da ido zai gani cikin kwana 30. Amsa ta ce ba ta ƙara. Mun karɓa.

Amma ko da an sami mutanen da duk duniya ba mai roƙa musu, maganar ba ta ƙare ba, don akwai abin da ya fi wannan zurfi. Magani ba shi da nufi. Ƙwayar zazzabi ba ta san wanda ya haɗiye ta ba, mumini ne ko mashayi, ba ta kuwa san ana gwada ta ba. Shi ya sa a ke iya auna ta: a ba waɗannan, a hana waɗancan, a ƙirga. Addu'a kuwa roƙo ce, wanda a ke roƙa kuma Mai nufi ne, Masani, ya san mai roƙo, ya san abin da ke zuciyarsa, ya san kuma wanda ya zauna da alƙalami yana jira ya ƙirga. Mu da mu ke riƙe da wasiƙun Malam Liman mun san wannan ko a tsakanin mutane, ko da ya ke Allah ya fi ƙarfin misali. Wasiƙa goma ta zo ta neman taimako, ya ba wannan yau, ya ce wancan ya dakata sai bayan salla, ya hana wani don ya san in ya ba shi kuɗin caca zai yi da su, ya aika wa wani da abin da bai roƙa ba don ya ga shi ya fi bukata. In wani ya tsaya a ƙofa yana ƙirga masu fitowa da kuɗi a hannu, ya ce rubuta wasiƙa ba ta da amfani, ya yi lissafi daidai, amma bai san gidan ba.

Malamanmu kuwa ba su taɓa karantar da mu cewa duk abin da aka roƙa shi a ke gani ba. A hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito an nuna karɓar addu'ar Musulmi iri uku ce: ko a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa shi sai lahira, ko a kawar masa da wani sharri gwargwadonsa. Cikin ukun nan, guda ɗaya kaɗai ke iya shiga rajistar asibiti. Abin da aka ajiye a lahira ba mai ganinsa, masifar da aka kawar kuwa ba ta zo ba balle a ƙirga ta. Annabi Nuhu ya roƙa wa ɗansa, bai tsira ba. Shugabanmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labari, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, cewa ya roƙi abu uku domin al'ummarsa, aka ba shi biyu, aka hana shi na uku, watau kada su yaƙi junansu. In Annabawa ba su riƙe addu'a kamar rasit ba, wanda a ke kai wa kanti a karɓi kaya, mu su wane ne?

Da muka kai nan sai saurayin ya ce, "Baba, a gafarce ni. In haka ne ai kun yi maganar da ba ta faɗuwa. In mutum ya warke ku ce an karɓa, in ya mutu ku ce an ajiye masa. Ta ina mai shakka zai gane gaskiya ce?" Muka yi shiru, don tambaya ce ta mai hankali. Amsarmu ita ce: gaskiyarka, ɗana. Ta wannan hanya ba zai gane ba. Karɓar addu'a abu ne da muka yi imani da shi don mun gaskata wanda ya ba mu labarinsa, ba don mun ƙirga ba. Ba mu jin kunyar faɗin haka. Abin kunya shi ne mu ɗauki abin da ya ke imani mu kai shi kasuwa mu ce ga hujja wadda ta ɗaure kowa.

Nan ne kuwa mu ke da magana da ɗan'uwanmu mai waya, wanda ya ce likitoci sun tabbatar. Shi ma akwai tushen maganarsa. A shekarar 1988 wani likita, Byrd, ya fid da sakamakon gwajin da ya yi a wani asibitin San Faransisko kan masu ciwon zuciya 393. Ya ce waɗanda aka yi wa addu'a sun fi sauƙi ta waɗansu fuskoki, kamar ƙarancin bukatar waɗansu magunguna da na'urar taimakon numfashi. Amma ya auna abubuwa fiye da 20, 'yan kaɗan ne suka nuna bambanci, wajen mutuwa da yawan kwanakin asibiti kuma babu. Kowane ɗan kasuwa ya sani, in ka jefa ƙuri'a sau ashirin ba ka rasa ci sau ɗaya ko biyu. Don a warware wannan shakka ne aka yi babban gwajin 2006, ya kuwa fito yadda kuka ji. To, ba ya yiwuwa ran da sikeli ya nuna mana riba mu rungume shi mu yi ta aikawa a WhatsApp, ran da ya nuna faɗuwa mu ce ai addu'a ba ta hawa sikeli. Ko tana hawa ko ba ta hawa. Mu mun ce ba ta hawa, saboda haka mun bar wa Byrd takardarsa kamar yadda muka bar wa Benson tasa.

Waɗansu kuma sun ce ai addu'ar Kirista aka gwada, da ta Musulmi ce da an ga aiki. 'Yan'uwa, ku yi hankali da wannan magana, rami ce. In gobe aka zo masallacinmu aka yi gwajin nan, ya fito 52 da 51, za ku bar salla? In ba za ku bari ba, don me za ku jingina addininku ga abin da ba ku yarda ya yi muku hukunci ba? Littafin jana'iza na zangon nan a hannunmu ya ke. Mun rubuta sunan mahaddata, mun rubuta na masu tsayuwar dare, mun rubuta na jarirai waɗanda aka sauke wa Alƙur'ani. Ciwon da ke kashe maƙwabtanmu Asantawa shi ke kashe mu, a shekarun da ya ke kashe su.

Ku tuna ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu, a shekara ta 10 bayan hijira, yaro bai cika shekara 2 ba. Ran nan rana ta yi husufi. Mutane suka ce don mutuwar ɗan Annabi ne. Da mai neman suna ne, ai faɗuwa ta zo daidai da zama, shiru kawai zai yi, magana ta bazu ko'ina cikin Larabawa. Amma yana cikin baƙin cikin ɗansa ya tashi ya gyara musu, ya nuna musu rana da wata ba su husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Abu biyu sun haɗu a rana ɗaya, ya hana a ce ɗaya ne ya jawo ɗaya. Mu kuwa sai mutum ya yi roƙon ruwa a Kumasi cikin watan Yuni, ruwa ya sauka, a ce ga karama. Wane Yuni ne ruwa ba ya sauka a Kumasi?

Yanzu sai mu juyo ga abin da ya fi damunmu, wanda saboda shi ne Malam Liman ya ce a yi wannan rubutu. Kada wani ya ji mun ce addu'a ba ta hawa sikeli ya ɗauka mun ba kowane mai da'awa mafaka. Roƙon Allah daban, da'awar mutum daban. Wanda ya ce zan roƙa maka, Allah ya ba ka lafiya, bai yi maka alkawarin kome ba, babu abin da za a auna. Amma wanda ya ce kawo kaza, sha wannan kwana 7, ciwon sukarinka zai tafi ba ya dawowa, wannan ya bar roƙo ya shiga ciniki. Ya ambaci kaya, ya ambaci farashi, ya sa rana. Shi da kansa ya hau sikeli, ba wanda ya ɗora shi. Auna shi ba gwada Allah ba ne, gwada shi ne, shi kuwa mutum ne kamar mai sayar da albasa.

Addininmu bai hana irin wannan awo ba. A Sahihu Muslim akwai labarin manoman dabino na Madina. Manzon Allah ya tarar da su suna ɗaukar garin namijin dabino suna sa wa macen, ya nuna a ganinsa ko an bari ba kome. Suka bari, shekarar nan dabino bai yi kyau ba. Da suka gaya masa bai ce imaninsu ne ya yi rauni ba. Ya nuna musu wannan zato ne irin na ɗan'adam, su ne suka fi sanin sha'anin duniyarsu. Girbi ya yi hukunci, ya kuwa yarda da hukuncin girbi. Ko wannan dabara ta kasa marasa lafiya biyu ma ba baƙuwa ba ce gare mu. Abubakar Arrazi, babban likitan Bagadaza, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta cewa ya sami masu alamun wani ciwon kai mai tsanani, ya tsaga wa waɗansu jijiya ya fid da jini, ya bar waɗansu da gangan don ya ga bambanci. Malamai sun yi magana kan aƙidarsa, likitocin yau kuma sun bar wannan tsaga, amma dabarar kwatantawar tana nan.

Bara waccan muka binne wata baiwar Allah a zangon nan, mai sayar da waake a bakin titi, ba za mu ambaci sunanta ba. Tana da hawan jini, tana shan ƙwayoyinta, tana sana'arta lafiya. Wani baƙo ya sauka a unguwa, ya ce mata ƙwayar asibiti ta marasa tawakkali ce, ya karɓi abin da ya kai kuɗin buhun shinkafa biyu, ya ba ta ruwa a gora, ya ce ta zubar da ƙwayoyin in ba haka ba aikin ba zai ci ba. Wata na uku ta faɗi gaban tukunyarta, ɓarin jikinta ya mutu, kwana 9 ta cika. Ta bar 'ya'ya huɗu. Da aka nemi baƙon, an ce ya yi gaba. Mun tabbata a garin da ya sauka yanzu yana ba da labarin waɗanda suka warke a hannunsa, ita kuwa ba ta cikin labarin. Haka su ke yi duka. Mai da'awa yana nuna maka biyar da suka dawo godiya, ba ya nuna maka hamsin da ba su dawo ba. Wane ɗan kasuwa ne ke rubuta riba kaɗai a littafinsa, ya bar asara? Turawan nan, kome a ce game da su, sun rubuta duka 1,802.

Wani lokaci ma gwajin yakan zo da kansa, ya zo da muni. A shekarar 2001 jaridu suka ba da labarin wani saurayi a wani ƙauye na arewacin ƙasar nan, wanda boka ya haɗa wa maganin bindiga shi da abokansa. Ya tsaya aka harbe shi don a ga ko ya ci, nan take ya mutu. Da an rataya wa akuya, da asarar akuya aka yi.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce a bar tofi ba, ya tabbata sahabbai sun yi wa wanda kunama ko maciji ya sara tofi da Fatiha, har an ba su tumaki, Manzon Allah bai hana ba. Rubutun sha kuwa malamai sun yi saɓani a kansa tun da daɗewa, ba mu ne za mu raba wannan gardama a 'yar takardar nan ba. Muna da malamai na Allah a zangon nan waɗanda in ka je musu da ciwo za su yi maka addu'a su ce tashi ka tafi asibiti, waɗansu ma su ba ka kuɗin mota. Wanda mu ke ja muku kunne a kansa shi ne mai lamuni, mai sa wa Allah rana, da mai cewa ka ajiye maganin likita. Mai tarin fuka wata 6 a ke so ya yi yana shan magani ba fashi, in ya yanke a tsakiya ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da, ya kuma shafa wa iyalinsa. Wanda ya sa shi ya yanke, alhakin gidan nan duka yana wuyansa. Balaraben da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta tukuna.

Shi kuma dattijonmu mai goro, girmansa ne, furfurarsa ta fi tamu, amma mun gaya masa a gaban Malam Liman cewa ya yi gaggawa. Kalmar kafirci ba abar wasa ba ce, an gargaɗe mu cewa in aka jefa ta ba ta faɗuwa ƙasa, sai ta sami ɗaya daga cikin biyun. Yaro ya faɗi abin da ya karanta, bai ce babu Allah ba, da mu ya yi sahu ran nan. Annabi Ibrahim ma ya roƙi a nuna masa yadda a ke rayar da matattu, ba don bai yi imani ba, don zuciyarsa ta natsu, ba a kuwa kore shi ba, aka nuna masa. 'Ya'yanmu yanzu suna shiga makarantun da ba mu shiga ba, suna dawowa da tambayoyin da ba a yi mana ba. In duk wanda ya buɗe baki muka ce a kirawo ubansa, za su daina tambaya a inuwar masallaci, su koma yi a inda babu malami ko ɗaya.

Akwai kuma kashi na ukun nan da ya tsaya mana a rai, waɗanda aka gaya wa ana yi musu addu'a suka fi kowa samun matsala, 59 cikin 100. Masu binciken ba su yanke dalili ba. An ce mai yiwuwa dacewa ce kawai ta lissafi, an kuma ce mai yiwuwa tsoro ne, mutum ya ce a ransa ashe ciwona ya kai a tara mini masu addu'a. Ko wanne ne, sai ya tuna mana da irin dubiyar da mu ke yi. Mutum yana kwance, mu shiga mu ashirin, mu kewaye gado, wani ya ɗaga murya da Yasin, wata ta fashe da kuka a ƙofa, wani ya ce haka wane ya yi kafin ya cika. Mai ciwo ya dube mu ya ga jana'izarsa. Abin da aka koya mana kuwa shi ne a taƙaita zama, a sassauta murya, a ƙarfafa masa zuciya, sauran addu'ar a yi masa ita a gida cikin sujada, inda ba ya gani.

Ga abin da Malam Liman ya shirya. Za a ci gaba da karɓar sunayen marasa lafiya don addu'ar bayan sallar Juma'a kamar yadda aka saba, a kawo mana su kafin azahar, ba a biyan ko sisi, wanda ya ce muku ana biya ku kawo mana sunansa. Amma daga yanzu duk wanda ya kawo suna za mu tambaye shi ko mai ciwon ya ga likita, ko yana shan maganinsa. In rashin kuɗi ne ya hana, a faɗa mana a asirce, za a duba asusun ƙungiya. Sa'an nan kowace Juma'ar farkon wata saurayin nan zai zauna a ƙofar masallaci ta gabas da na'urar awon jini, kyauta, maza bayan salla, mata kuma wata abokiyar karatunsa za ta same su a makarantar allo da la'asar.

An fara ran Juma'ar da ta wuce, mutum 41 suka miƙa hannu. Na farkonsu dattijon nan ne mai goro, don Malam Liman da kansa ya kama hannunsa ya kai shi. Awo ya nuna jininsa ya hau ƙwarai. Ya ce na'urar ƙarya ta ke yi, a sāke. Aka sāke a ɗaya hannun, ta faɗi abin da ta faɗa. Ran Litinin yaron ya raka shi asibiti.

Wassalam.